Gadojin Jihar Neja: Ruwa Na Ci Ta Ƙasa, Lodi Na Dannawa Ta Sama

Da asubahin Alhamis 29 ga Mayun 2025 ruwa ya afka wa garin Mokwa. Cikin 'yan kwanaki hukumomi suka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, wasu da dama kuma ko gawarsu ba a gani ba. Tiffin Maza da Unguwar Hausawa su suka fi jin jiki. Yawan rayukan da aka rasa ya isa ya danne kowace magana, shi ya sa labarin gadar da ruwan ya karya ya zo daga baya-baya. Amma direbobin da suka ɗauko raguna da tumatir da albasa za su kai Kudu, ana saura kwana takwas Babbar Sallah, sun san abin da karyewar ta jawo. Motoci suka yi layi, kayan gwari na ruɓewa a rana, dabbobi na galabaita, mai kaya yana lissafin asara tun kafin ya ga kasuwa.

Shekara takwas kafin nan, a Yunin 2017, gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta rufta bayan ruwan sama, har Yemi Osinbajo, wanda ke riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa a lokacin, ya je ya gani da idonsa. Aka yi gyaran gaggawa, motoci suka ci gaba da wucewa, maganar ta kwanta.

Duk sanda irin wannan ta faru, bayani ɗaya ake ji daga bakin jami'ai: ambaliya ta tafi da gada. Gaskiya ne, amma guntuwa. Ruwan dare ɗaya kan ƙarasa aikin da aka ɗauki shekaru ana yi ne, kuma galibin wannan aiki a wurin da matafiyi ba ya gani ake yin sa, wato ƙarƙashin gadar.

Neja ce jiha mafi faɗin ƙasa a Najeriya, kimanin murabba'in kilomita 76,000, da ƙananan hukumomi 25. Kogin Neja ya bi ta yammacinta da kudancinta, Kogin Kaduna ya ratsa tsakiyarta ya je ya zuba a cikinsa, ga Gurara da Mariga da Chanchaga da Gbako, ga ƙoramun da ba sa ƙirguwa waɗanda kan bushe da rani su cika su batse da damina. Duk inda hanya ta gamu da ruwa, dole a yi gada ko kwalbati. Sannan jihar ba kayanta kaɗai take ɗauka ba. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi Ibadan da Ilorin, a Jebba take ƙetare kogi, daga yankin Mokwa kuma ta rarrabu: wata ta nufi Kontagora da Yauri har Sakkwato, wata ta bi Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna, wata ta bi Bida da Lambata zuwa Suleja da Abuja. Wuraren da mota ke iya ƙetare Kogin Neja a faɗin ƙasar nan 'yan kaɗan ne. Da ruwa ya shanye hanyar Lokoja a wajen Koton Karfe a 2012 da kuma 2022, an ga yadda zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa ta shaƙe, har layin mai ya dawo Abuja a 2022. Idan wancan mashigi ya toshe, nauyin kan komo kan Neja ne. Akasarin manyan hanyoyin tarayya kuwa an shimfiɗa su ko an faɗaɗa su ne lokacin kuɗin mai, a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, don haka gadojin da ke kansu yau suna da shekara arba'in zuwa hamsin.

Shekaru kaɗai ba sa kashe gada. Layin dogo ya fi shekara ɗari yana ƙetare kogi a Jebba. Abin da ke kashe gada, na farko kuma mafi haɗari, shi ne zaizayar gindi. Ruwa mai gudu idan ya daki ginshiƙi sai ya nutsa ƙasa ya yi juyi a gindinsa, ya riƙa haƙe yashi da lakar da tushen ginin ke zaune a ciki. Kowace damina ramin na ƙara zurfi. Mugun abin shi ne idan ruwan ya ja baya, sai sako-sakon yashi ya sake cike ramin, wanda ya zo dubawa da rani ya ga ƙasa sumul kamar ba abin da ya faru, alhali ƙasa mai ƙarfin da ke riƙe da tushen ta riga ta tafi. Ranar da babban ruwa ya zo, cikin sa'o'i kaɗan zai kwashe wannan yashi, ginshiƙi ya karkace ko ya zauna, abin da ke samansa ya biyo shi.

Akwai abubuwan da ke hanzarta wannan, kuma duk da hannun mutum a ciki. An ƙayyade faɗin mashigin ruwan kowace gada ne bisa lissafin ruwan da ake tsammani lokacin da aka gina ta. Tun daga lokacin an sare dazuka an yi gawayi da gonaki, garuruwa sun faɗaɗa, kwano da siminti sun rufe wuraren da a da ƙasa ke shanye ruwa. Ko da yawan ruwan sama bai canja ba, yanzu ruwan kan iso bakin gada a lokaci ɗaya, da ƙarfi. Kuma yana zuwa da kaya: kututturan itace, karan dawa, leda, sharar gari. Su maƙale a ginshiƙai su rage mashigin, ruwa ya ƙara gudu ta inda ya samu, haƙar ta ƙaru. Sai masu ɗiban yashi. Direban tifa yana son wurin da mota ke sauka cikin sauƙi, wurin nan kuwa sau da yawa gefen gada ne. Duk tifar da aka cika a nan, kogi zai rama ta ne daga yashin da ke kusa, ciki har da na gindin ginshiƙi.

Da yawa daga cikin abin da jaridu ke kira gada ta karye, kwalbati ne ruwa ya ci, ko cikon ƙasar da ya haɗa hanya da gada. Tsofaffin kwalbatoci na ƙarfe ne mai kama da kwanon rufi, an binne su cikin cikon marmara. Ƙasansu ke fara tsatsa ya huje, ruwa ya riƙa bi ta gefe yana jan cikon kaɗan-kaɗan, ya bar kogo a ƙarƙashin kwalta. Daga sama hanya lafiya lau, sai ranar da tirela ta taka. Idan kuma bakin kwalbatin ya toshe, hanyar kanta ta zama madatsar ruwa, madatsar da ba a gina ta don riƙe ruwa ba.

Abin da aka ba da labarin ya faru a Mokwa ke nan, sai dai can tudun layin dogo ne. Mazauna garin sun shaida wa manema labarai cewa ruwa ya taru a bayan cikon ƙasar da dogon ke kai, kwalbatocin da ya saba bi sun toshe da shara, har cikon ya fashe ruwan ya kwararo kan gidaje. Ministan albarkatun ruwa Joseph Utsev ya ce madatsun Kainji da Jebba lafiyarsu lau, ya ɗora abin a kan mamakon ruwan sama da gine-ginen da suka tare hanyar ruwa. Ko ta wane ɓangare aka duba, darasin da ya shafi gadoji ɗaya ne: lafiyar gada ta dogara da abin da ke faruwa a saman rafin, wani lokaci a wurin da ma'aikatar ayyuka ba ta da iko da shi. Kwalbatin dogo na hukumar jiragen ƙasa ne, izinin gini na hukumar tsara gari ne, shara ta ƙaramar hukuma ce, gada ta tarayya ce. Ruwan kuwa guda ne.

Wanda ke son ganin sauran ciwon, ya tsaya a wata tsohuwar gada a watan Maris ya gangara ƙarƙashinta. Zai ga jan tabo ya zubo a jikin kankare, alamar rodin da ke ciki ya fara tsatsa. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren da ya lulluɓe shi, ɓawon ya faɗo, ƙarfen ya fito fili, tsatsar ta ƙara samun iska da ruwa. Ya ɗaga kai ya dubi mahaɗar da ake bari tsakanin ɓangarorin gada domin su samu wurin motsi idan zafi ya buɗa su: robar ta mutu, ƙasa da tsakuwa sun cika tsagar, wani wurin har ɗan bishiya ya tsiro. Ta nan ruwa ke zuba kai tsaye kan faifan roba da ƙarfen da gadar ke zaune a kai. Idan tirela ta wuce a sama zai ji gwaram, gwaram, kowace ƙafa na dukan bakin mahaɗar. 'Yan ramukan da aka huda don ruwan saman gada ya zube sun toshe da yashi tun ba a san yaushe ba. Shingen ƙarfen gefe kuma, wani mota ta ture, wani 'yan jari-bola sun kwance.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar biliyoyin naira a farkonsa. Mai gidan ƙasa ya san cewa kafin damina sai ya hau soro ya share indararo ya yi yaɓe, in ya bar shi shekara uku ginin ne zai zube. Gada ma haka take buƙata: shebur, tsintsiya, ɗan siminti, canjin roba, duwatsun da ake jerawa a gindin ginshiƙi don su karya ƙarfin ruwa. Mahaɗa da faifan zama ba a yi su don su kai shekarun gadar ba, an yi su ne a riƙa canja su.

Ta sama kuma ga lodi. Lokacin da aka gina waɗannan gadoji, jirgin ƙasa na ɗaukar kaso mai yawa na kaya masu nauyi a layin da ya bi Jebba da Mokwa da Zungeru da Minna zuwa Kaduna da Kano. Man fetur kuma an shirya ya bi bututu ne zuwa rumbuna irin na Suleja da Minna, daga nan tanka ta ɗauka zuwa gidajen mai na kusa. Dogo ya durƙushe, bututu ya lalace, matatar Kaduna ta tsaya, tashar jiragen ruwa ta Baro da aka ƙaddamar a Janairun 2019 ba ta ɗauke wa hanya komai ba. Sai komai ya dawo kan taya: mai, siminti, taki, hatsi, shanu, kwantena. Tankar lita 33,000 na ɗauke da man da ya kai kusan tan 24. Mai lita 60,000 kuwa tan 44 ne da ɗoriya, ban da nauyin motar kanta. Sai bayan fashewar tanka a mahaɗar Dikko a ranar 18 ga Janairun 2025, wadda ta kashe fiye da mutum 80, hukumar kula da harkar man fetur ta NMDPRA ta hana loda tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris na shekarar. Gobara ce ta jawo hanin, amma gadoji ma sun amfana, in har an bi shi.

Obalodi ba ya ɓarna daidai da yawansa, ninkawa yake yi. Wani gwaji da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta kan kai kusan ninki 16. Lissafin gada ya ɗan bambanta, amma alƙiblar ɗaya ce: 'yan motoci masu lodin wuce kima sun fi dubban ƙananan motoci gajiyar da ita. Mafi muni shi ne idan cunkoso ya tsayar da tireloli bumper da bumper a kan gada na sa'o'i, abin da kan faru daidai lokacin da wata hanyar ta yanke aka karkato da kowa nan. Dokar ƙayyade nauyi tana nan a rubuce. Abin da babu shi ne sikelin da ke aiki dare da rana, da jami'in da zai sa a sauke kaya maimakon a sasanta a gefen titi. Ba na ganin laifin direba shi kaɗai. Mai mota na biyan kuɗin gas da kuɗin shingaye, yana kuma asarar kwanaki a hanya, don haka yana so ya fanshe a tafiya ɗaya. Hanya ta lalace ya ƙara lodi, ya ƙara lodi hanya ta ƙara lalacewa.

To wa ke da alhakin gyara? A nan ne maganar ke cukurkuɗewa. Manyan hanyoyin na gwamnatin tarayya ne, wasu na jiha, na karkara kuma na ƙananan hukumomi. Mutumin Kutigi ko Agaie bai damu da wannan rabo ba, gwamna yake zagi. Gwamna kuma idan ya taɓa hanyar tarayya ba shi da tabbacin za a biya shi, domin a zamanin Buhari an gargaɗi jihohi cewa kada su sa ran a mayar musu da kuɗin irin wannan aiki. Rikicin Satumbar 2021 ya fito da wannan fili. Matsalar 'yan bindiga da lalacewar hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari sun sa direbobi sun ƙaurace mata, hanyar Bida zuwa Lambata ta tarayya ta zama tarkon motoci, sai manyan motoci suka koma bin hanyar Bida zuwa Minna, wadda ta jiha ce. Gwamnatin Abubakar Sani Bello, gwamnan jihar a lokacin, ta hana su bi don kare aikin da take yi a kanta. Direbobin tanka da tirela suka datse hanya na kwanaki. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Wata guda bayan haka gwamnatin tarayya ta amince kamfanin NNPC ya kashe kimanin naira biliyan 621 a kan hanyoyi 21 a madadin harajin da zai biya, kuma hanyoyin Neja, ciki har da Bida zuwa Lambata, na cikin jerin. Wato sai da aka rufe hanya kafin kuɗi ya fito.

Kuɗin kula na yau da kullum shi ne ba ya fitowa. An kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaran hanyoyin tarayya, a 2007 aka gyara dokarta aka tanadi kashi 5 cikin ɗari na farashin fetur da gas domin kula da hanyoyi, kashi 40 na kuɗin ga FERMA, kashi 60 ga hukumomin jihohi irin su NIGROMA ta Neja. Ba a aiwatar da wannan tanadi ba. Da maganar ta sake tasowa a 2025 cikin sabuwar dokar haraji, jama'a suka yi caa, kuma da wuya a ga laifinsu ganin yadda farashin mai ya tashi bayan cire tallafi. Sakamakon dai shi ne kula da gada ya dogara da abin da aka saka a kasafin shekara da abin da aka ga damar saki. A wannan gasa kuwa sabon aiki ne ke cin nasara kullum, domin shi ake kafa wa allo da sunan mai girma, ba a kiran makaɗa da 'yan jarida ranar da aka yashe kwalbati. Gwamnatin Umaru Bago ta buɗe ayyukan tituna masu yawa tun 2023, abu ne mai kyau, amma kowace sabuwar gada da aka ƙara, an ƙara abin da za a riƙa kula da shi ne har shekara hamsin.

A ganina buƙatar farko ba kankare ba ce, rajista ce: kowace gada da babban kwalbati a jihar, ko na wa ne, da shekarar gininsa, da irin tushensa, da halin da yake ciki, da ranar da aka duba shi na ƙarshe, a wurin da ɗan jarida da ɗan majalisa za su iya gani. Amurka ta koyi wannan ne bayan wata gada a kan Kogin Ohio ta rufta a Disambar 1967 ta kashe mutum 46. Daga nan aka kafa ƙa'idar duba gadoji, galibi duk shekara biyu, a ba kowace maki daga 0 zuwa 9, mai 4 zuwa ƙasa a sa ta a jerin marasa lafiya. Sai dai takarda kaɗai ba ta riƙe gada. A Janairun 2022 gadar Fern Hollow ta rufta a birnin Pittsburgh, masu bincike suka gano cewa an yi shekaru ana rubuta rahoton magudanan ruwanta sun toshe ƙarfenta na ruɓewa, hukumar birnin ba ta yi abin da aka ce ba. Don haka dole rahoto ya zo da iko: injiniyan da ya duba ya iya rage nauyin da za a bi da shi, ko ya rufe gada, ba tare da ya ji tsoron rasa aikinsa ba.

Da rajista a hannu, za a ga cewa gadojin ba ciwo ɗaya suke yi ba. Mafi yawansu shara da ƙananan gyare-gyare suke so. Wasu na buƙatar canjin mahaɗa da faifan zama, da kare gindinsu da duwatsu. 'Yan kaɗan ne sai an rushe an sake, kuma waɗannan bai kamata a mayar da su yadda suke ba, domin ruwan da aka yi musu lissafi da shi a 1975 ba shi ne ke zuwa yau ba. A Agustan 2025 aka sanar da amincewa da naira biliyan 16.7 don sake gina gadar Mokwa. Dole ne a yi wannan aiki. Amma a kwatanta wannan adadi da abin da za a kashe a yashe dukkan kwalbatocin da ke tsakanin Jebba da Bida kafin kowace damina, da hannun matasan garuruwan da ke kan hanyar.

Lokaci ma na da nasa sharaɗi. Aikin gindin gada daga Nuwamba zuwa Afrilu ake yin sa, sanda ruwa ya janye. Kuɗin da aka saki a watan Yuli sai dai ya yi ciko da hanyar ratse ta wucin gadi, wadda ita ma ruwa kan iya ɗauka kafin Satumba.

Akwai kuma gadojin da ba sa shiga labarai ko sun faɗi, waɗanda ke haɗa ƙauye da kasuwa ko da asibiti. A Shiroro da Rafi da Munya da Mariga, inda matsalar tsaro ta yi ƙamari, akwai wuraren da injiniyan gwamnati ba zai je ba sai da rakiyar sojoji, ɗan kwangila kuma ko an ba shi aikin ba zai kai katafilarsa ba. A irin waɗannan wurare masu ganin gada kullum su ne 'yan acaɓa da direbobin ranar kasuwa da mai unguwa. Su ke fara lura kwalta ta zauna a bakin gada, ko tsaga ta buɗe, ko ruwa ya fara bi ta gefen kwalbati. Kusan kowannensu na da waya mai ɗaukar hoto. Jiha za ta iya ware lamba ɗaya da za a riƙa aika hoton, da ma'aikaci a kowace shiyya wanda aikinsa shi ne ya duba ya amsa cikin mako guda.